Yaya Toufik Ya Zama Tony

Birmingham, 2006

Inna, ina gaisuwa. Yaya ƙafarki, yaya su Abiba? Ina lafiya. Sanyin wurin yankan kaji na tsattsaga min hannu, amma ba komai.

Abokin aikina Yerlan, Musulmi ɗan Kazakhstan, ya cire "ov" daga ƙarshen sunansa. Ya ce Rashawa suka liƙa wa kakansa, ma'anarta "na wane". Ya maido da tasu, "uly", wato "ɗan wane".

Yaya Toufik kuwa, ba wanda ya tilasta masa, ya zama Tony a Manchester. Tir! Da na je gidansa, na tambayi ɗansa sunan kakansa, ya ɗaga kafaɗa. Tuwon da aka kawo min ma kasa ƙarasawa na yi.

Kada Baba ya ji. Ranar Lahadi zan koma in koya wa yaron faɗin sunan kakansa, Iddrisu.

Ɗanki,
Abdul-Shakur