'Yan Gida Ɗaya Ba Sa Karawa

Lahadi, 5 ga Maris

Ibuki, yaron gidan horonmu, ya ci kambun Japan na damben naushi da shuri. Turmi na biyu, shuri ɗaya a wuya, zauren Korakuen ya ɗauki ihu. Ni na ɗora shi a kafaɗa na zagaya da shi cikin igiya, ina yaƙe saboda masu hoto. Kambun ajin kilo hamsin da uku ne, wanda na ƙarar da ƙuruciyata ina bi, sau biyu ina zuwa bakinsa ina dawowa da kumburarriyar fuska. Yau ga shi yana gogar kunnena, a ƙugun yaron da ni na koya wa naɗe hannu. Na ji haushi. Babu wanda zan gaya wa, to na rubuta.

Litinin, 6 ga Maris

Ni ne na ɗaya a layin masu neman kambun. Da wani ne ya ci, da ni za a kira. Na sami Kaicho Otsuki, mai gidan horonmu, a ofishinsa yana yanke farce.

"Kaicho, a haɗa ni da shi."

"Tetsu, kai da ka tsufa a nan? 'Yan gida ɗaya ba sa karawa. In kun shiga, a kusurwar wa zan tsaya? Tsaga ni biyu za ku yi?"

Na ce shekarata talatin da huɗu. Ya ce tasa sittin da takwas, kuma bai ga abin kuka ba. Wai in ƙara nauyi in hau aji na gaba, ko in jira. In hau in je ina, da wannan jikin kamar na fara? In jira me, yaron shekararsa ashirin da biyu?

Alhamis, 9 ga Maris

Saura hanya ɗaya, in bar gidan. Wanda ya bar Kaichonsa ya koma wani don ya daki ɗan gidansu, ko gaisuwarsa ba za a ƙara amsawa a nan garinmu Saitama ba. Duk da haka na kwana ina juya maganar.

Asabar, 18 ga Maris

Abin da ya fi ƙona min rai ladabinsa. Zakara guda, har yanzu shi ke goge tabarmar atisaye, shi ke juya min takalmi su fuskanci ƙofa. Ya rusuna, ya kira ni da sunan girmama na gaba, "Senpai, sannu da aiki." Da zai yi min ɗagawa sau ɗaya da na sami abin riƙewa.

Matata Chizuru tana yanka kabejina na kullum, na tsaron nauyi, ta ce, "Wai kambun kake so, ko bakin yaron kake son fasawa?" Na ce duka biyu. Ta ce ita ta auri mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ɗan damben biyo kaya ya yi.

Talata, 4 ga Afrilu

Ibuki zai kare kambunsa a Mayu, Kaicho ya sa ni in zama abokin gwajinsa. Tuƙa shi zan yi ta yi kamar tuwo har ya yi kyau, a kai wa wani. To. Amma yau turmi uku na juya shi yadda nake so, na cika masa ciki da naushi, ya kasa fita daga kusurwa. Kaicho ya gani da idonsa, ya juya yana gyara agogon bango.

Laraba, 12 ga Afrilu

Yau ma ni ne a sama. Wannan ne zakaran Japan?

Alhamis, 20 ga Afrilu

Na jingina wayata a kan benci na ɗauki gwajinmu, da niyyar in kai wa Kaicho in ce kalli. A jirgin ƙasa na kunna. Na kalla, na mayar baya, na sake kallo har na wuce tashata.

Duk lokacin da na saki naushin dama, gwiwar hannuna tana ɗagawa, haƙarƙarina a buɗe. Kuma duk lokacin ƙafarsa ta hagu tana tashi daga ƙasa, ta yi rabin hanya, ta koma. Ba sau ɗaya ba. Yaron tausaya min yake yi.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Na tare shi a gaban kowa.

"Kai, Ibuki. Tsohuwa ka mayar da ni?"

"Senpai, ban gane ba."

"Ƙafar hagun nan taka ta ado ce? Sa safar dambenka. In ka sake ja da baya, kada ka ƙara kirana senpai."

Ya dubi Kaicho. Kaicho ya ɗaga kafaɗa ya buga ƙararrawa.

Ban ga tahowarta ba. Na dai ji hantata ta naɗe, ga ni a durƙushe ina neman iska kamar kifi a faranti. Agogo ko minti bai cika ba. Da na ɗago, yaron ya zube a gabana, goshinsa a tabarma, yana ta ba ni haƙuri, hawaye har kan safarsa. Na so in zage shi, babu numfashin yi.

Asabar, 22 ga Afrilu

Ban je atisaye ba. Na ce wa Chizuru mura ce.

Laraba, 26 ga Afrilu

Ina ta tunanin wa dokar nan ta 'yan gida ɗaya take karewa tun farko. Kaicho ya sani. Ina jin har mai kawo mana ruwa ya sani.

Lahadi, 14 ga Mayu

Ya kare kambunsa, turmi na farko. Da ƙafar hagu, a hanta. Ni na riƙe bokiti. Da abokin karawarsa, wani ɗan Nagoya, ya durƙushe, sai da na dafe cikina.

Talata, 23 ga Mayu

Kaicho ya kira ni ofis. Ibuki zai ajiye kambun ya hau kilo hamsin da biyar, wai jikinsa ya girma. Ƙarya ne, ina ganinsa kullum ba riga. Kambu ya zama ba mai shi, za a yi karawar cike gurbi a Satumba, kuma sunana ne a farko.

"Ga abin da kake ta yi min ƙorafi a kai," in ji Kaicho. "Ka yi shiru kuma?"

Na ce zan yi tunani. Ibuki yana bakin ƙofa da tsumma a hannu, ya kasa haɗa ido da ni.

A hanyar gida na shiga shagon taliyar da ke ƙarƙashin gadar jirgi, wanda kullum nake wucewa ina toshe hanci don tsoron sikeli. Na ce babban kwano, a ƙara ƙwai, a kawo shinkafa a gefe. Na shanye romon tas. Yunwa ce kawai, ba wani abu ba.

Laraba, 24 ga Mayu

Jiya Chizuru ta ji warin tafarnuwa a bakina. Da safe na fito zan hau sikeli, na tarar babu shi, ta ajiye kwandon wanki a wurinsa. Ban tambaye ta inda ta kai shi ba.