Ƙashin Basamude a Gindin Badala

Koki, Kano
Yuli, 2004

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Hoton da ka ciro daga intanet ka aiko wa Baba ya iso, na ƙwarangwal ɗin nan da aka ce an tono a hamadar Larabawa, mutum na tsaye gefen ƙoƙon kansa kamar ɗan tsako. Baba ya sa an lulluɓe shi da leda, kullum bayan la'asar sai ya fita da shi ƙofar gida. Ya ce Samudawa ne. Ka tuna yadda yake cewa yana yaro ya ga ƙashin cinya da ya fi shi tsawo a ramin ƙasa na gindin badala, ana ta yi masa dariya? Yanzu ya sayi diga da shebur, ya koma wajen yana haƙa. Tun rasuwar Inna ban ga yana cin abinci haka ba. Amma damina ta kankama, hankalina bai kwanta ba.

Ƙanwarka,
Indo

Fatakwal
Agusta, 2004

Indo,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Baba da kowa.

Ki tsaya ki ji. Hoton nan ƙarya ne. Wani abokin aikina ya nuna mini asalinsa a kwamfuta: ƙashin mutum ne kamar ni da ke, aka kumbura shi aka liƙa a kan hoton wani rami. Wasa aka yi, ya bazu duniya. Ni ma sai bayan na aika na sani. Ki karanta wa Baba takardar nan yau, kada ki rage komai, a kuma ɗauke digar. Ginin ƙasa ba ya son a taɓa gindinsa da ruwan sama.

Yayanki,
Maharazu

Koki, Kano
Agusta, 2004

Yaya,

Bayan gaisuwa, na karanta masa kamar yadda ka ce. Sai dai amininsa Malam Salihu na zaure a lokacin, kafin magariba unguwa ta ɗauka. Baba ya ce: "Hoto ya yi ƙarya, na yarda. To idona fa, shi ma kwamfutar ce ta haɗa shi?"

Na ɓoye digar, ya aro wata. Ya daina zaman ƙofar gida saboda shaguɓe. Da an idar da asuba yake fita, ramin kuma ya shige ƙarƙashin badalar. Na roƙe shi har da kuka, ya ce ba zai mutu ana kiransa maƙaryaci ba. Don Allah ka nemi izini ka zo, wataƙila kai ya ji taka.

Ka huta lafiya,
Indo

Koki, Kano
Satumba, 2004

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Badala ta rufta kan Baba da safiyar Alhamis, bayan ruwa. Sai azahar aka ciro shi, an yi masa sutura. Allah ya jiƙansa.

Jiya wata mata ta zo gaisuwa da kwafin hoton nan, ta ce a kasuwar Kurmi ta saya. An rubuta a ƙasansa wai a Kano aka tono, mutumin da ke tsaye a gefe kuma Baba ne, aljanu suka kashe shi. Ta miƙo mini, ta ce in tabbatar mata shi ne. Na karɓa ina kallonsa, ita kuma ta ɗauka na amsa.

Ka zo gida.

Indo