Abin da na rage a maganar likita

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma tun rasuwarki, shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, ban sami wanda zan faɗa wa irin wannan magana ba.

Baba ne ba lafiya. Abinci ba ya wuce masa. In ya haɗiyi tuwo sai ya tsaya masa a ƙirji, ya miƙe tsaye, ya kora da ruwa, wani lokaci duk ya dawo. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu.

Kin tuna yadda kike zuba masa tuwo a akushi, a kai ƙofar gida inda suke ciyayya da maƙwabta? Ya daina fita, don kada abin ya same shi a gaban mutane. Wata rana na ji maƙwabcinmu Malam Ɗahiru yana ɗaga murya ta kan katanga: "Ko kaji aka fara ci a ɓoye ne, aka guje mu?" Baba ya yi dariya, amma ranar ko kunu bai nema ba.

Daga Gusau aka tura mu wani babban asibiti a Zariya. Likitan ba ya jin Hausa, ni kuma ina hutun makaranta, sai aka ce in bi shi in yi tafinta. Inna, kin san tsakanina da Baba. Ni ce ta fari, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ita wannan". Ga ni zaune kusa da shi, ni ce kunnensa, ni ce bakinsa.

An zura masa wata roba mai fitila ta baki, an duba. Likita ya ce sunan ciwon akalesiya: ƙofar da ke ƙarshen hanyar abinci ce ta ɗaure, ba ta buɗewa yadda ya kamata. Da Baba ya ji maganar tiyata ya girgiza kai, sai aka koma kan hanyoyi biyu da ake bi ta wannan robar, ba yanka.

Ta farko, a shigar da wani abu kamar balan-balan, a hura shi a wurin har ƙofar ta saki. Wannan yakan daɗe yana amfani, ko da yake wasu sai an maimaita musu. Ta biyu allura ce da ake yi a wurin don ya yi laushi. Ta fi sauƙi a jiki, amma bayan wasu watanni ƙarfinta yakan tafi, sai an dawo, kuma maganin sai an aiko da shi daga waje.

Duk na faɗa masa, ban da abu ɗaya. Likita ya ce wani lokaci, ba kasafai ba, hurawar takan yaga hanyar abincin, sai an yi tiyatar gaggawa. Na buɗe baki, na ga hannun Baba a kan gwiwarsa, na kasa. Ya zaɓi hurawa, aka ba mu ranar dawowa.

Kwana shida ina ɗauke da wannan. Ina ta auna hanyoyin biyu ni kaɗai, kamar ni ce mai ƙirjin. In na yi shiru, ya zaɓa ne a kan rabin magana. In na faɗa, ina tsoron ya fasa duka, ya ci gaba da ramewa a gabana. Sai na tuna abin da kike ce mini in kin aike ni: "Ki kai saƙo yadda aka ba ki, ba naki ba ne."

Jiya bayan la'asar na durƙusa daga bakin ƙofarsa na faɗa masa, idona a ƙasa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Na sani. Likita ya yi magana mai tsawo, ke ko kin kawo min guntuwa. Shekara nawa ina awon hatsi a kasuwar Tsafe? Na san mudu in an rage shi."

Ya sa na sake jero masa duka biyun, a hankali, har da yagewar. Ya tambayi ko a nan take za su gane in ta faru, na ce likita ya ce za su riƙe shi su duba kafin a sallame mu. Ya ce hurawar dai yake so. Ba zai riƙa barin gona yana zaryar Zariya ba, kuma yana son ya fitar da akushinsa ko don ya rufe bakin Malam Ɗahiru.

Na tashi zan tafi, sai ya ce, "Hajara. Ran da muka koma ki cika min mudu, kome likita yac ce." Inna, ashe haka sunana yake a bakinsa.

Jibi za mu hau mota. Har yanzu ina jin tsoro, amma yanzu mu biyu ne muka san abin da muke tsoro. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya buɗe wa Baba wannan ƙofa lafiya.

In kin yarda, zan so in sake rubuto miki bayan mun dawo, ko me ya faru. Na yi alkawari ba zan rage miki komai ba.

Ɗiyarki,
Hajara