Fuskar Surukata a Murfin Kwanon Sha

Gwaggo Huseina,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki agaza mini, asirina ya tonu a cikin takardar ƙosai, matata kuma tana gidansu. Ban san ta inda zan kamo zancen ba, don haka in kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, hankalina ba a jikina yake ba.

Ni mai zane ne. Ina zaune a ƙauyenmu a ƙasar Ɗanbatta, ina noma 'yar gonar da na gada, wadda in ka yi atishawa a tsakiyarta maƙwabtan gona huɗu ne za su yi maka addu'a. Tun da aka shiga wannan matsi taki ya gagari talaka, abin da gonar ke bayarwa ba ya kai mu ko tsakiyar rani. Abin da ke rufa mana asiri shi ne zanen fuskoki da nake kai wa wata mujalla a Kano. Ni ba ma'aikacinsu ba ne. In suna da labari suka rasa hoto, tunda fim ɗin kyamara ma yanzu sai wane da wane, sai su aiko a ce ana son fuskar alƙali mai tsanani, ko ta ɗan kasuwa mai ɓoye kaya. In zana, in bi motar kasuwa in kai, a sallame ni in an yi sa'a edita yana nan.

To ga inda gizo ke saƙar. Ni ba na iya ƙirƙiro fuska daga kaina, sai wadda idona ya gani. Saboda haka mahaucin garinmu ya taɓa zama alƙali, wanzaminmu ya yi likitan ido, mai unguwa kuwa sau da yawa yana direban tirela. Ba wanda ya sani, don mujallar ba ta zuwa garinmu. Wa zai sayi takarda alhali mudun gero yana harararsa?

Rannan edita ya aiko cewa zai buga wani rubutu a kan uwa ta gari, in zano masa fuskar uwa. Gwaggo, mahaifiyata ta rasu ban yi wayo ba. Da na rufe ido ina neman fuskar uwa, ba wadda ta zo mini sai ta surukata. Ba zan kama sunanta ba, Inna nake ce mata. Matar nan ce shekarar da tsutsa ta cinye mana dawa take aiko mana da hatsi a ƙarƙashin ganyen rama don kada a gani a raina ni. Wallahi ina ƙaunarta, kuma don girmamawa na zana ta.

Na san za ki ce yaya aka yi na san fuskarta. Abin da garin gaba ɗaya ke tambaya ke nan. Tun da na auri 'yarta Zulaihatu ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba, Allah shaida ne. Tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa can nesa, kaina a ƙasa. Amma duk zuwa da kanta take kawo mini ruwa a wani kwanon sha na silba mai murfi, wanda take goge shi da toka har yana ɗaukar ido. Ta ajiye a gabana, ta sunkuyo tana tambayata gona da mutanen gida. Ni kuma kaina a sunkuye yadda al'ada ta ce. To ina idona zai sauka in ba a kan murfin nan ba? A nan na san wushiryarta, na san billen da ke kumatunta, na san wata 'yar tawadar Allah a gefen haɓarta. Ban nema ba, murfin ne ya kawo mini.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, murfin kwano ba shimfiɗe yake kamar madubi ba, tudu gare shi, duk abin da ke tsakiyar fuska sai ya kumbura. Ni kuwa na ɗauka haka Allah ya yi mata hancin, kuma wane ni in gyara halitta. Na zana shi yadda na gan shi, ban rage ko kaɗan ba, don ni mutum ne mai amana a aikina.

Edita ya karɓa, ya daɗe yana tari a bayan hannunsa, ya buga. Zancen ya wuce lafiya. Ashe bayan wasu watanni, da ya rasa hoton da zai sa a shafin lafiya, sai ya ɗauko zanen nan ba tare da ya tambaye ni ba, ya liƙa shi a kan bayanin mura da hanyoyin magance ta. Ragowar mujallun da ba a saya ba kuma aka auna wa masu ƙosai.

Akwai wata maƙwabciyar Inna, Turai, wadda suke 'yar tsama tun suna amare. Ita Allah ya haɗa da shafin nan ranar kasuwar Ɗanbatta. Kuma don ƙaddara ta cika, man ƙosan daidai ƙarƙashin hancin ya jiƙa, ya zubo har leɓe yana sheƙi. Turai ko ƙosan ba ta tsaya ci ba, ta kai wa malamin gona ya karanta mata abin da aka rubuta. Kafin la'asar mata sun cika gidan Inna da dubiya, wannan da citta, wannan da kanumfari, wata har da man zafi. Inna lafiyarta ƙalau tana tsaye tana surfe, ana ta ce mata sannu da jiki, ashe abin har ya kai ga jarida.

Na shirya ban haƙuri a kan hancin, na shirya a kan murar. Sai ga ƙaninta, Kawu Sama'ilu, da saƙon da ban shirya masa ba. Wai ita ba hanci ne ya dame ta ba. Wai yaushe na ƙare mata kallo har na san tana da tawadar Allah a haɓa, abin da marigayi mijinta ma sai da suka yi 'ya'ya biyu ya lura da shi? Wai ashe duk durƙuson nan na ganin ido ne. Washegari ta zo da kanta ta tasa Zulaihatu a gaba, ta ce ba za ta bar 'yarta a hannun marar kunya ba, kuma ba za ta dawo ba sai na zuba fensirorina da takarduna a murhu a gaban Kawu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, Zulaihatu ta ɗauki mayafinta ta bi ta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na yi wa Kawu bayanin murfin kwano dalla-dalla. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya je ya faɗa mata yana dariyar, abin ya ƙara lalacewa. Wai ashe shekara da shekaru tana ɓata tokarta tana goge mini madubi. Yanzu in na je gaisuwa a tsohon ƙoƙo ake turo mini ruwa, ita kuma daga bayan zana take amsawa. Labari ya bazu, duk iyayen matan garin sun ɓoye kwanukan silba, sauran mazan da ke zuwa gaida surukai suna shan ruwa a ƙoƙo suna tsine mini. Mahauci ma ya je kasuwa ya yi ta tonon takardun ƙosai har ya samo kansa a alƙali, ya rataye a rumfarsa, yanzu ko tsokar nama zai yanka sai ya yi gyaran murya. Mai unguwa dai bai samo nasa ba tukuna, ina addu'a.

Gwaggo, gaba kura baya sayaki. In na ƙona fensir, rumbuna saura ƙiris, da me zan ciyar da matar in ta dawo? In ban ƙona ba, matar ba za ta dawo ba. Gida ya yi mini faɗi, tuwon da na tuƙa jiya ko kaji sun shinshina sun wuce, rigunana duk sun yi dauɗa. Ga edita ya sake aikowa wai yana son fuskar miji mai haƙuri. In ƙona ko kada in ƙona? Kuma don Allah ki gaya mini gaskiya, wanda ya ga mutum a murfin kwano, ya kalle shi ne ko bai kalle shi ba?

Naki cikin damuwa,
Mai Fensir


Ɗana Mai Fensir,

Wa alaikumus salam. Da na gama karanta wasiƙarka sai da na ɗauko murfin kwanona na leƙa. Na ga hancin da ban san ina da shi ba, don haka ta wannan fuska na gaskata ka.

Kana da gaskiyarka. Ba ka ɗaga kai ba, niyyarka girmamawa ce, kuma a wannan zamani duk wanda Allah ya ba abin da zai riƙa kawo cefane da shi bai kamata a ce ya jefa shi a wuta ba. Amma Inna ma tana da tata, kuma ta fi taka nauyi. Kunya ba a wuya kaɗai take ba, har da ido. Ganin farko a murfi ba laifinka ba ne, amma wanda ya kai ga sanin tawadar Allah ai ya wuce gani, ya shiga nazari. Wannan ita ce amsar tambayarka. Sannan ka ɗauki fuskar dattijuwa ka kai birni ba da saninta ba, ta dawo mata a jiƙe da mai a hannun matar da ta fi ƙin a yi mata dariya a gabanta. Ko ni ce sai na ɗauke 'yata. Kuma tsakanina da kai, hancin nan ya yi mata ciwo. Babu dattijuwar da za ta fito ta ce hanci ne ya ɓata mata rai, shi ya sa ta riƙe maganar da ta fi mutunci. Ka sani a ranka, kada ka kuskura ka faɗa.

Kada ka ƙona fensirinka, kuma ka daina bayani, don duk bayanin da ka yi rami kake ƙara haƙa wa kanka. Ka sallami Kawu Sama'ilu daga wannan aiki, ba a aiken mai dariya biko. Ka nemi tsohuwa mai nutsuwa wadda Inna ke jin nauyinta, ka haɗa ta da goro gwargwadon ƙarfinka. Abu mafi muhimmanci, ka je Kano ka nemo fitowar farko, wadda aka sa fuskarta a kan rubutun uwa ta gari. Ka lura kuwa har yau Inna ba ta san da ita ba? Ta mura kaɗai ta gani. A kai mata, a sa malamin gonar nan ya karanta da ƙarfi, kuma a tabbata Turai tana wurin. In har sai an ga hayaƙi kafin zuciya ta huce, ka ba da duk sauran zanen da ka yi na Inna a ƙona, da alkawarin ba za ka sake zana kowa na gidan ba sai da izini. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Editanka kuma ka gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa kada ya sake ɗaukar zanenka daga wani shafi zuwa wani sai ya tambaye ka. Mutanen gari ma ka riƙa neman izininsu. Ga yadda mahauci ya karɓi alƙalanci, ina jin layi za su yi maka. Mai unguwa dai ka riga takardar ƙosai isa wurinsa.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi damuna. Na karanta wasiƙarka sau biyu. Na san wushiryar Inna da billenta da haɓarta, na san hular Kawu, har gyaran muryar mahauci na ji. Amma Zulaihatu ban san ko doguwa ce ko gajera ba. Abin da ka gaya mini a kanta shi ne tuwo ya lalace, riguna sun yi dauɗa. Ɗana, a duk gidan nan mutum ɗaya ce addini da al'ada suka ce ka kalla iya son ranka, kuma ita ce ban ji ka ce ka taɓa zanawa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Macen da ta ga mijinta ya haddace fuskar kowa a gari, har da ta uwarta a murfin kwano, ba sai an ja ta da ƙarfi ba kafin ta ɗauki mayafi.

Saboda haka kafin ka aiki kowa, ka zauna ka zana ta daga ka, ba don mujalla ba, kuma ba don kowa ya gani ba sai ita. In hannunka ya kawo ta, ka naɗe ka aika mata, ita za ta shawo kan uwarta fiye da tsofaffi goma. In kuwa ka ɗauki fensir ka ga ba ka tuna yadda idonta yake in tana dariya ba, to laifin ba na kwano ba ne, kuma goro ba zai gyara shi ba. Sai ka je ka nemi a ba ka izinin ganin matarka, ka zauna a gabanta, ka dube ta da kyau, ka ba ta haƙuri.

Allah ya huci zuciyar Inna, ya dawo maka da iyalinka, ya ba mu damina mai albarka, ya sassauta mana wannan matsi baki ɗaya.

Taka,
Gwaggo Huseina