Tunkiyar Bature da Geron Kaka Aruna

Doha, Ƙatar
Disamba 2022

Zuwa ga Baffa Mijinyawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan. Na ji an ce Ajaratu ta sauka lafiya, Allah ya raya. Ni ma lafiya nake, sai dai aiki ya yi yawa tun da aka fara gasar ƙwallon duniya, mota ba ta hutawa, direba ma haka. Baffa, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka yi mini faɗa, don na yi ɓarna da bakina.

Ranar Laraba da safe na kai wani dattijon Bature ɗan Ostareliya bakin teku a Wakra, ya ce yana son ganin jiragen masunta kafin wasansu. Baƙon kamfanin su Muhsin ne, yayan Safura da kake nema mini aure, shi ya sa Muhsin ya biyo mu yana yi mana tafinta. Dattijon ya tsaya yana kallon wani tsohon jirgin katako, sai ya zaro takarda a cikin leda, ya riƙe ta kamar shaidar digiri. Ya ce sunan kakan kakansa ne a jiki. Wai a Ingila mutumin ya saci tunkiya ɗaya, alƙali ya yanke masa shekara bakwai, aka sa masa mari a ƙafa, aka jefa shi jirgin Ostareliya tare da wasu ɓarayi, wata huɗu suna kan ruwa, kuma bai sake ganin uwarsa ba. Yana faɗa yana dariya har haƙoran ciki. Ya ce yanzu tumakinsu sun wuce a ƙirga, kuma duk shekara dangi kan taru su ci nama a kan sunan ɓarawon. Har surukinsa, in ji shi, yana jin haushi don shi a danginsu ba a samu ɓarawo ko ɗaya ba.

Baffa, ban taɓa ƙyashin motar wani ba, ko albashin Muhsin, ko Turancinsa, duk da a gabana yake zuba shi. Shekara biyu korona ta tsare ni a nan, abokaina suka yi aure ina gani a waya, ban yi ƙorafi ba. Amma wannan dariyar kam na yi ƙyashinta. Ka san abin da nake nufi. Kafin na taho Gwaggo Atine ta ja ni ɗaki ta gaya mini ba fataucin fata ne ya fitar da Kaka Aruna daga garinsu ba, yadda muke faɗa wa mutane. Dami biyu na gero ya zara daga rumbun mai gari a shekarar yunwa, don kai da Babana kuna kwance ba ku iya kuka. Aka yi masa bulala a kasuwa, aka raka shi bayan gari da jifa. Na ce a raina, na wancan tunkiya ya ɗauka, ga jikansa yana yawo da takarda a leda. Namu yara ya ciyar, ga mu shekara hamsin muna rage murya in an ambace shi.

Ban san lokacin da na ce wa Muhsin ya gaya wa Baturen ni ma kakana ɓarawo ne, kuma ya fi nasa dalili ba. Muhsin ya dube ni, ya tambaye ni sau biyu ko da gaske in so ya fassara. Na ce ya fassara duka, har bulalar. Baturen ya rungume ni, ya ce ashe 'yan'uwa ne mu, aka ɗauke mu hoto. Na ji daɗi na ɗan lokacin da ba zai ishi shan shayi ba. Da muka shiga mota sai na tuna mahaifin su Safura, Alhaji Dikko, bai gama binciken asalinmu ba, kuma ɗansa na ba labarin da bakina. Da muka isa unguwar Bin Omran, Muhsin zai sauka, sai an jima kawai ya ce mini. Bai ma kira ni suruki ba yadda ya saba tsokanata.

Na yi kwana uku ina juya abin. Roƙona shi ne ka ɗauki Gwaggo Atine ku je wurin Alhaji Dikko da kanku, ku faɗa masa labarin yadda yake, da yunwar da komai, kafin ya ji shi a gutsure. In ya ba ni Safura, ya ba jikan Aruna mai dami biyu. In ya hana, zan yi haƙuri, na saba, amma wallahi zai yi mini ciwo.

Ka gaishe da Inna Sauda da Gwaggo Atine, ka ce ta yafe mini, ban riƙe amanarta ba. Ka gaishe da Ajaratu da jaririnta da duk mutanen gida.

Kada ka ce za a iya rufewa, Baffa. Ban da Muhsin, Shehu mai gadin tashar jirage yana tsaye a wurin, da Hausa na yi maganar, ya ji komai. Gidansu na kallon gidan Alhaji Dikko, kuma duk Juma'a yake kiran uwarsa. Yau Asabar.

Ɗanka mai jiran amsarka,
Ghali