Jan Baki a Kan Sunan Wendell

Los Angeles,
Watan Maris.

Zuwa ga ƙanwata Noreen,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki, yaya kuma sanyin Duluth? Ni dai da sauƙi, in ban da idon nan. Likita ya hana ni tuƙi, mota tana nan ƙofar gida tana tara ganye.

Na ga kin sake jawo maganar in tattara in dawo wurinki, har kin share ɗaki kin sa labule. Na gode, amma ba zan iya ba. In na tafi, wa zai riƙa zuwa kabarin Wendell? Ba mu haihu ba, abokan aikinsa kuma waɗansu sun riga shi, sauran sun bi shi. Ni kaɗai na rage da na san mutumin da ke bayan wannan dutsen.

Duk Alhamis nake zuwa maƙabartar, yanzu a bas. Kin dai tuna wurin tun ranar jana'iza: dogon bangon nan da ake sa mutane a ciki jere, wani bisa wani, kowa da murfinsa na farin dutse, ga ɗawisu suna taƙama cikin ciyawa sai ka ce gidan ubansu. Kin kuma san wadda ke samansa, Vivian Sorrel, tauraruwar da ya yi rabin rayuwarsa yana haska wa fuska a wurin ɗaukar fim. Mun riga mun kama wurinmu kafin ta mutu. Ranar da ya ji inda aka sa ta, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Bernie, kullum ina can sama kan katako da fitila, ita tana ƙasa. Yanzu za ta hau sama ni in sauko. An yi adalci." Har ta bar duniya ba ta san sunansa ba, "kai mai fitila" take ce masa.

Ga abin da ke ci mini rai. Masoyanta sukan shafa jan baki su sumbaci dutsenta, su bar shaida. To nata yana can sama, sai dogaye. Gajerun sai su yi ɗage, su kasa, su manna bakin a inda tsawonsu ya kai, wato a kan mijina. Mutumin da ranar aurenmu sai da kunnuwansa suka yi ja kafin ya sumbace ni a coci, yau ga bakunan 'yan mata har kan sunansa. Da soso da sabulu nake zuwa, in goge tas, in ba shi labarin mako, in dawo.

Ki yi dariya in kin ga dama. Gidan nan ya yi mini shiru, Noreen. Rediyo nake kunnawa don in ji muryar mutum, har amsa masa nake yi. Alhamis ce kaɗai ranar da nake da wurin zuwa.

Ki gaishe da duk mai tambayata.

Yayarki,
Bernadette.

Los Angeles,
Watan Mayu.

Ƙanwata Noreen,

Ina fata kina lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi, ban so in tayar miki da hankali ba ne. Na faɗi wajen saukowa daga bas, ban ga matakin ba, ƙugu ya bugu. Makonni na yi a kwance. Ciwon bai dame ni ba kamar Alhamis ɗin da suka yi ta wucewa ina kallon silin, ina cewa yau ma ba wanda ya je.

Jiya na lallaɓa da sanda na je. Noreen, da ƙyar na karanta sunansa. Ja, ruwan hoda, har da wani baƙi, ban san 'yar wa ke shafa baƙi a baki ba. Ina cikin fito da soso sai ga wata yarinya 'yar duƙus da jaka a baya. Ta yi ɗage, ta yi tsalle, ta kasa, sai ta manna bakinta a kan Wendell a gaban idona.

Na ce, "Ke, mijin wani ne fa kike sumbata."

Ta juyo duk ta rikice. Ta ce, "Wayyo, yi haƙuri Kaka, wallahi tsawona ne bai kai ba. Tun daga Ohio na zo saboda ita."

Na ce, "To ki koma Ohio ki ƙara tsawo."

Maimakon ta gudu, sai ta sa hannun riga tana gogewa, tana karanta abin da ke rubuce. "Wendell Kosko," in ji ta. "Shi ma ɗan fim ne?"

Tun ranar da fadan coci ya faɗi sunan nan a jana'iza ban ƙara jin sa a bakin kowa ba sai nawa. Na zauna a benci. Na ba ta labarin fitilunsa, da yadda yake lulluɓe fitila da siririn ƙyalle don kada layukan goshin Vivian su fito. Ta ce, "Kenan fuskar da nake so, rabi tasa ce." Da za ta tafi ta ce, "Sai an jima, Mista Kosko."

Na daɗe zaune da soso a hannu har ya bushe. Ban goge ba. Duk makonnin da nake kuka ba wanda ya je, ashe wurinsa bai taɓa rabuwa da mutane ba. Ba dominsa suka zo ba, na sani. Amma kowace sai ta sa fuskarta dab da sunansa, ko ba ta so sai ta gani.

Ki kula da ƙafar nan.

Taki,
Bernadette.

Los Angeles,
Watan Yuli.

Noreen ƙanwata,

Gaisuwa da kewa. Likita ya ce idon ba zai dawo ba, kuma zaman ni kaɗai ya ƙare. Kin yi nasara. Ki bar labulen nan, ko da kore ne zan haƙura.

Alhamis na je na yi masa sallama. Na bar soso a gida. A ƙasan durowa na samo jan bakina, wanda ban taɓa ba tun da ya rasu, na shafa a cikin bas ba madubi, wani yaro yana ta kallona. Na gaya wa Wendell komai: cewa zan tafi Duluth, cewa ba zan ƙara zuwa ba, cewa na bar shi a hannun gajerun mata. Na ce kada ya saba da yawa.

Sannan na jingina sanda, na dafa bangon, na manna bakina a kan sunansa. Kin san tsawona, ko ɗage ban yi ba. Dutsen da ɗumi, rana ta wuni a kansa.

Na ja baya don in ga nawa, in tafi da shi a ido. Noreen, na duba, na matso, na goge tabarau na sake dubawa. Sun yi yawa, idon kuma ya ƙi. Ban gane wanne ne nawa ba. Na tsaya har mai gadi ya fara kaɗa makullai, sannan na ɗauki sandata. Shi dai zai gane, ya fi shekara arba'in da saninsa.

Jirgina zai sauka ranar Asabar da rana. Ki zo mini da rigar sanyi, ba ni da ko ɗaya. Ran Alhamis kuma ki nemo mana wurin zuwa, ko ina ne, kada ki bar ni a ɗaki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Bernadette.