Ƙofar da Ke Kallon Gabas

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Mijina, Yaya Sanda, ya koma wurin aiki. Titin da suke yi ya wuce Beji yanzu, sai Asabar-Asabar yake zuwa gida. Na cika masa gora biyu da ruwan sanyi, ya ɗauki ɗaya don kada in ji haushi. Mutumin da ke wuni a kan rola yana daddale titi cikin wannan rana. Na ƙarasa littafin da ƙawata Hidaya ta ara mini, na yi kuka a shafin ƙarshe har shinkafata ta kama.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ya dawo yana dafe da kwiɓi. Fitsarinsa kamar shayi, ga zafi. Likita ta ce ƙoda ce take kuka da rashin ruwa, in bai gyara ba abin zai yi nisa. Ta tambaye shi ko yana shan ruwa, ya ce sosai. Ina zaune ina kallon goran da ya dawo da shi, ko rabi bai sha ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Sai da na ƙi cin abinci sannan ya faɗa. Wai kamfani ya kawo musu bandakin roba guda biyu, irin wanda ake ɗauka a mota duk inda aiki ya matsa. Amma Oga Charles, shugaban aikinsu, ya sa an ajiye su ƙofa tana kallon gabas. In ka tsuguna, alƙibla kake fuskanta. Shi da sauran Musulmi ba mai shiga. Daji kuma babu, gonakin doya ne ko'ina, mata na ciki, masu gona sun riga sun kawo ƙara. Shi ne ya ga gara ya daina shan ruwa har yamma.

Na ce me ya hana su faɗa wa Oga? Ya kalle ni kamar na zagi babansa. Wai ƙato da gemu ya je gaban oga ya yi maganar tsuguno? Kuma ba ya son a ce shi ne mai ƙorafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali: Oga ya ce tunda mutum huɗu kawai ke amfani da su, ranar Juma'a za a mayar da su Minna.

A littafi, da yanzu matar ta zauna bakin gado tana hawaye yana share mata. Na gwada. Bai yi maganin komai ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na hau Keke zuwa Tunga, shagon ɗinkin Maman Testimony, matar Oga Charles. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, a bikinmu. Tun daga unguwarmu Barkin Sale nake tsara kalamai masu daɗi, ina shiga duk suka gudu. Na yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina yara, ina aiki, har ta ajiye almakashi ta ce, "Amarya, ba ɗinki ya kawo ki ba. Faɗi."

Na faɗa, idona a ƙasa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ba ni take wa ba, mazan take wa. Ta ce mijinta da gangan ya juya ƙofar ta ba titi baya, don kada masu wucewa su ga mai shiga. Wata guda yana fushi wai ya sha wahala kafin ofis su yarda, mutanensa kuma ba godiya.

Ta kira shi a gabana. Na ce don Allah kada sunan Yaya Sanda ya fito. Ta ce, "Ki bar ni da shi."

Laraba, 16 ga Afrilu

Shiru. Na kira Yaya Sanda a wurin aiki, wayarsa ba ta shiga.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ya kira da azahar, murya a sake. Wai Oga ya zo da safe ya tsaya ya ce, "Malam Ndaman, ina kuke kallo in kuna salla?" Dattijon ya nuna. Oga ya sa mutum shida suka cicciɓi bandakunan suka juya su kudu, ya sa aka ajiye duro da butoci a gefe. Ba wanda ya kalli idon wani. Kafin a jima har layi aka yi.

Yaya Sanda ya ce, "Ko wa ya faɗa masa, oho." Na ce Allah ya sani. Na tambaye shi ruwa, ya ce ya shanye gora, ya sake cikawa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kwiɓin ya daina ciwo. Yau ya ce wata mai zuwa za su matsa gaba, inda ko bishiya babu, a ƙarƙashin tifa suke cin abinci don inuwa. Ya faɗa ne kawai cikin hira, yana cin tuwo.

Hidaya ta aiko a karɓi sabon littafin da ta ara mini. Yana ƙarƙashin filo, kwana goma sha uku ina shafi na ashirin. Ba wai na daina so ba ne, lokaci ne babu. Sai da na ba ta haƙuri, don na yage farar takardar da ke ƙarshensa na rubuta: rumfa, tankin ruwa, a duba gabas kafin a sauke bandaki. Jibi zan kai wa Maman Testimony ɗinkin atamfata, da takardar a ciki. Wannan karon ba zan daɗe wurin gaisuwa ba.